DA SAURAN RINA A KABA

Laccar da aka gabatar a taron ɗalibai a kan hanyoyin gano ragowar sankarar jini bayan magani



Malam Shugaban taro, malamanmu masu girma, yayyenmu ma'aikatan gwamnati da suka baro ofisoshinsu suka zo, 'yan'uwa ɗalibai maza da mata na ƙasar Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa, muna yi muku barka da zuwa. Muna kuma gode wa shugabannin ƙungiya da suka ba mu wannan dama, alhali kuwa akwai waɗanda suka fi mu sani a wannan zaure.

Maganarmu ta yau ta taso ne daga wata tambaya wadda duk mai jinyar ɗan'uwansa yakan yi wa likita, watau, "Likita, ya warke?" A yawancin cututtuka amsar ba ta da wuya. Zazzaɓi ya sauka, mutum ya ci tuwo, ya saɓi fartanya ya nufi gona, shi ke nan. Amma a sankarar jini mutum yana iya yin ƙiba, ya koma bakin aikinsa, a duba jininsa a ga lafiya lau, alhali cutar tana nan kwance cikin ɓargonsa tana jiran a saki magani. Nufinmu shi ne mu bayyana yadda ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje ke farautar wannan ragowa, da yadda amsarsu ke yanke hukuncin a ci gaba da magani, ko a sake wani, ko a tsaya. Daga nan sai mu duba wace hanya ce ta fi kusa da mutanenmu.

ASALIN CUTAR

Kamar yadda muka koya tun a sakandare, a cikin ɓargon ƙashi ake ƙera jini. Daga nan jajayen ƙwayoyi ke fitowa masu ɗaukar iska, da fararen ƙwayoyi masu yaƙi da cuta, da ƙananan nan masu sa jini ya daskare in an ji rauni. Sankarar jini tana farawa ne ran da ƙwaya guda tak a cikin ɓargo ta sami ɓaci a rubutun gadonta, ta shiga hayayyafa ba ƙaƙƙautawa, har zuriyarta ta cika ɓargon ta hana na kirki wuri. Shi ya sa maras lafiya yakan ɗashe, zazzaɓi ya ƙi jin magani, dasashi ya riƙa zubar da jini, wani kuma saifarsa ta kumbura ta cika ciki. Wani likitan Jamus, Rudolf Virchow, shi ya raɗa mata suna lukimiya a 1847, kalmar da ma'anarta ita ce farin jini. Sai dai wannan farin jinin ba wanda yake roƙon Allah ya ba shi. Ya kamata kuma mu bambanta ta da sikila, domin sikila gado ce daga iyaye, ita kuwa sankarar jini a mafi yawan lokuta ba a gadonta, ba a kuma ɗaukarta daga wani.

Cutar iri-iri ce, amma iri biyu za mu riƙe don misali. Akwai mai gaggawa wadda ta fi kama yara, wadda in ba a yi magani ba takan kashe cikin makonni ko 'yan watanni. Akwai kuma mai tafiyar hawainiya wadda ta fi kama manya, likitoci na taƙaita sunanta da CML. Kada wani ya ɗauka cutar Turawa ce. Tun a shekarun 1970 Farfesa Alan Fleming yana nazarinta a jikin mutanenmu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, yau kuma sashen cututtukan jini na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana karɓar masu ita daga Kano da Jigawa da maƙwabtansu.

LISSAFI MAI TAYAR DA HANKALI

A 1948 wani likita a Boston ta Amurka, Sidney Farber, ya ba da rahoton yara 16 da ya gwada wa wani sabon magani. Goma daga cikinsu suka farfaɗo, jininsu ya gyaru, wasu har suka koma wasa. Aka yi murna. Ba da daɗewa ba cutar ta komo. Wannan shi ne darasin farko: an kashe maciji ba a sare kansa ba.

Dalilin komowar lissafi ne. Ranar da aka gano mai gaggawar nan a jikin mutum, ƙwayoyin cutar sukan kai wajen miliyan sau miliyan. Bayan wata guda na magani mai ƙarfi sai likita ya zuƙo ɓargo daga ƙashin ƙugu, a shafa a gilashi, a rina, a duba a madubin likita. In ƙwayoyin da ba su nuna ba sun gaza 5 cikin 100, sai a ce cuta ta lafa. To, amma mutumin da aka ce cutarsa ta lafa yana iya ɗauke da ƙwayoyin sankara har biliyan 10, waɗanda idon mai duba bai kai gare su ba.

Duk wanda ya taso a gonakin Roni ko Gwiwa ya san ƙuduji. Kana iya tuge shi kakaf har gona ta yi fes, amma kowane tushe guda da ya riga ya yi fure ya zubar da dubun-dubatar iri ƙanana kamar ƙura, masu iya kwanciya cikin ƙasa shekara 10 ko fiye, suna jiran saiwar dawa ko gero. Manomin da ya dubi bayan ƙasa kawai ya ce gonarsa ta rabu da ƙuduji, baɗi zai sha mamaki. Wannan iri da ke kwance shi ne misalin abin da masana ke kira ragowar cuta mai aunuwa.

Domin mu gane ƙarfin kowane gwaji, bari mu ɗauki ma'aunin kasuwa. Ƙwayar gero 1,000 nauyinta wajen giram 10 ne, saboda haka buhu mai kilo 100, watau tiya 40, yana ɗauke da ƙwaya kimanin miliyan 10. A ce an zuba 'yan ƙwayoyin maiwa cikin geron, aka ce mu tsince su. Kowa ya san maiwa da gero sun yi kama, haka nan ƙwayar sankara take kama da sabuwar ƙwaya mai lafiya da ɓargo ke fitarwa in yana farfaɗowa. Da wannan ma'auni za mu auna hanyoyi huɗu.

HANYA TA FARKO: MADUBIN LIKITA

Wannan ita ce tsohuwar hanya, ita ce kuma aka fi samu a asibitocinmu. Ma'aikaci yakan ƙirga ƙwaya 200 zuwa 500 da idonsa, yana rarrabe su ta siffa da launi. Ƙwararre yakan gane cuta in ta kai 1 cikin 20, in ya yi ƙoƙari ƙwarai 1 cikin 100. A ma'auninmu, maiwa guda ke nan cikin ɗan abin da yatsu biyu suka tsunkuno. Kada mu raina madubi, domin da shi ake fara gano cutar, kuma ma'aikacin da ya iya karanta gilashin jini a babban asibitin Kazaure ko na Babura yana iya ceton rai ta hanyar tura maras lafiya Kano da wuri. Amma wajen neman ragowa, iyakarsa ke nan.

HANYA TA BIYU: NA'URAR TANTANCE ƘWAYOYI

Kowace ƙwayar jini tana da alamomi a fatarta, kamar yadda tsagen fuska yake nuna asalin mutum a da. Ƙwayar sankara takan ɗauki alamomin a hargitse, ta haɗa waɗanda ba sa haɗuwa a ƙwaya mai lafiya, ko ta rasa wadda ya kamata ta samu. Sai a kawo wasu sinadarai, kowanne yana manne wa alama guda, kowanne kuma an ɗaura masa rini mai ƙyalli na launi dabam. A gauraya su da ɓargon, a tura cikin wani siririn bututu inda ƙwayoyin ke wucewa ɗaya bayan ɗaya ta gaban hasken leza, dubbai a cikin daƙiƙa guda. Kowace ta gifta sai ta yi ƙyalli da launukanta, kwamfuta ta rubuta. Sunan na'urar fulo-saitomita.

Da ita ana gano ƙwayar cuta 1 cikin 10,000, watau maiwa guda cikin geron da bai cika gwangwanin madara ba, sababbin na'urori masu launi 8 ko fiye kuwa suna kai wa 1 cikin 100,000. Amsa takan fito a yini guda. 'Yar ƙaramar irinta ita ce aka daɗe ana ƙirga ƙwayoyin CD4 da ita ga masu cutar ƙanjamau a asibitocin ƙasar nan, sai dai neman ragowar sankara yana bukatar babba, da sinadarai masu tsada waɗanda ba sa rabuwa da firji, da ƙwararren da zai fassara abin da kwamfuta ta zana. Daɗin daɗawa, ƙwayoyin sai suna da rai, don haka dole ɓargon ya isa ɗakin gwaji cikin kwana ɗaya ko biyu.

HANYA TA UKU: NINKA RUBUTUN GADO

A nan za mu ɗan daɗe, domin ita ce ta fi shafarmu. A cikin kowace ƙwaya akwai littafin gado da ake kira DNA, an naɗe shi cikin ƙunshi 46 masu suna kuromosom. A 1960 Peter Nowell da David Hungerford suka lura a birnin Filadelfiya cewa masu CML suna da wani kuromosom gajere fiye da ƙa'ida. A 1973 Janet Rowley ta Jami'ar Chicago ta nuna cewa na 9 da na 22 ne suka karye suka yi musayar gutsure. A mahaɗar nan sai aka sami wani sabon rubutu, BCR-ABL, wanda babu shi a ƙwaya mai lafiya, shi ne kuma ke umurtar ƙwayar da ta yi ta hayayyafa. Ashe cutar tana da hatimi nata na kanta.

Yadda za a ga hatimin in ya yi ƙaranci, wannan dabara ta zo daga Kary Mullis a 1983, aka ba shi kyautar Nobel a kanta a 1993. Ita ce PCR, wadda kowa ya ji sunanta a lokacin annobar korona ta 2020. Ana ɗumama samfur a huce, a ɗumama a huce, a kowane zagaye rubutun da ake nema yana ninka kansa: ɗaya ya zama 2, ya zama 4, ya zama 8. A zagaye na 30 kwafi guda ya haura biliyan ɗaya. Na'urar tana lura da zagayen da haske ya fara bayyana. In ya bayyana da wuri, cuta tana da yawa; in ya yi jinkiri, kaɗan ta rage. Ta haka ake kai wa 1 cikin 100,000, watau maiwa guda cikin kusan rabin tiya. Ga mai CML kuma ba sai an huda ƙashi ba, jinin hannu ya isa.

Amfanin wannan ya fito fili ne tun daga 2001, shekarar da aka amince da imatinib, wanda aka fi sani da Glivec, ƙwayar da ake haɗiya kullum tana toshe aikin BCR-ABL. Cutar da a da takan kashe cikin 'yan shekaru ta zama wadda ake tsufa da ita. Cikin 'yan makonni saifa takan sace, ƙidayar jini ta daidaita, madubi ya daina ganin komai. Daga nan PCR ce kaɗai idon likita. Masana suka tsara ma'auni guda na duniya, wanda a cikinsa 100 cikin 100 ke nufin matsakaicin nauyin cuta kafin magani. Abin da ake fata shi ne sakamako ya sauko zuwa 10 cikin 100 ko ƙasa a wata 3, zuwa 1 cikin 100 a wata 6, zuwa 0.1 cikin 100 a wata 12. Ana maimaita gwajin duk wata 3. In lamba ta ƙi sauka, ko ta sauka ta fara hawa, to, ɗayan biyu ne: ko maras lafiya yana tsallake shan magani, ko cutar ta sake sabon ɓaci ta bijire masa, sai a koma wa wani kamar dasatinib ko nilotinib tun kafin ta rikiɗe ta zama mai gaggawa. Lamba takan yi gargaɗi watanni kafin jiki ya ji komai.

HANYA TA HUƊU: KARANTA RUBUTUN BAƘI BAYAN BAƘI

Ba kowace sankarar jini ke da hatimi irin na CML ba. Amma akwai wani jinsin fararen ƙwayoyi wanda kowace ɗaya, sa'ad da take girma, takan yanka wani sashe na rubutun gadonta ta sake ɗinke shi ta hanyar da ba ta yi daidai da ta kowa ba. Susumu Tonegawa na Japan ya sami kyautar Nobel a 1987 saboda gano wannan. Da yake duk ƙwayoyin sankarar daga uwa ɗaya suka fito, ɗinki ɗaya suke ɗauke da shi. Sai a karanta shi a samfurin ranar farko a ajiye, bayan magani kuma a sa na'ura ta karanta miliyoyin rubutu tana neman mai kama da shi. Wannan hanya tana kai wa 1 cikin miliyan, maiwa guda cikin tiya 4. A 2018 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da gwajin farko na irin wannan. Ita ce mafi zurfi, ita ce kuma mafi tsada da nisa daga gare mu.

ME AKE YI DA AMSAR?

Wani zai ce, in an ga ragowa ko ba a gani ba, me ya canza? Abu uku.

Na farko, ana ƙara wa mai bukata. A sankarar yara mai gaggawa, in aka kammala watan farko ragowa ta kai 1 cikin 10,000 ko fiye, an san haɗarin komowarta ya fi yawa, sai a tsananta magani tun tana da rauni. A 2018 ma an amince a Amurka da wani magani, blinatumomab, musamman domin waɗanda madubi ya ce sun sami lafiya amma gwaji ya nuna da saura.

Na biyu, ana rage wa wanda ba ya bukata. Magungunan nan dafi ne, suna karya garkuwar jiki, wani yaron maganin ke kashe shi kafin cutar. Wani babban nazari da aka fara a Ingila a 2003 ya nuna cewa yaran da gwaji ya ce ragowarsu ta ɓace da wuri ana iya sassauta musu wani sashe na maganin ba tare da cutar ta ƙara komowa ba.

Na uku, ana iya tsayawa. A 2010 likitocin Faransa a ƙarƙashin François-Xavier Mahon suka ba da rahoton masu CML 100 da aka dakatar wa imatinib bayan PCR ta shekara 2 ba ta ga komai ba. Kimanin 4 cikin 10 suka zauna lafiya ba magani. Sauran cutar ta komo musu, akasari cikin wata 6 na farko, amma da yake ana gwada su kowane wata, an gani da wuri, aka mayar da su kan magani, ya kuma yi aiki. Mu lura da sharaɗin da kyau. Wanda ya daina magani bisa umurnin likita, da gwaji a bayansa kowane wata, yana tafiya ne da fitila. Wanda kuwa ya daina don ya ji ƙarfi a jikinsa, ko don kuɗin mota ya ƙare, cikin duhu ya shiga.

IYAKAR GWAJI

Duk da haka, kowane gwaji yana da inda ya tsaya. In takarda ta ce "ba a gani ba", ma'anarta ba a gani ba a iyakar zurfin wannan gwaji, cikin wannan ɗan samfur. Wanda ya tsince tiya 4 bai ga maiwa ba, ba zai rantse a kan dukan rumbu ba. Haka nan ba a neman 1 cikin miliyan a samfurin da ƙwayoyinsa ba su kai miliyoyi ba. In mai zuƙo ɓargo ya ja da yawa har jini ya tsinka shi, amsa za ta fito da daɗi fiye da gaskiya, shi ya sa zuƙar farko ake so a kai wa gwajin. In jini ya kwana uku a bayan mota cikin zafin bazara, saƙon BCR-ABL yakan lalace. Saboda haka takardar kirki takan faɗi hanyar da aka bi da zurfin da aka kai, kuma likita yakan fi dogara ga jerin sakamako na watanni da ga lamba guda.

INA MUKA TSAYA A ƘASARMU?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da yara 80 cikin 100 masu ciwon daji suna warkewa, a da yawa daga ƙasashe matalauta kuwa ba su kai 30 ba. A 2018 ta ɗaura aniyar kai adadin zuwa 60 cikin 100 a duniya kafin 2030. Daga cikin dalilan wannan rata akwai jinkirin zuwa asibiti, da kuskuren gano cuta, da barin magani a tsakiya. Na ƙarshen nan shi ya fi alaƙa da maganarmu. Jinyar sankarar yara shekara 2 ce zuwa 3. Uban da ya sayar da sa ko ya jinginar da gona ya kai ɗansa Kano, in ya ga bayan wata guda yaro ya tashi yana guje-guje, ga damina ta kawo jiki, mene ne zai hana shi ya ɗauke shi su koma gida? Ba rashin ƙauna ba ne. Ya gaskata idonsa ne, ba wanda ya zaunar da shi ya yi masa lissafin ƙuduji.

Ta fuskar CML kuwa akwai abin farin ciki. A 2003 aka fara ba da Glivec kyauta a Nijeriya ta hannun Asibitin Koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, bisa wani shiri na kamfanin Novartis da gidauniyar Max. Shekaru da dama masu cutar daga kowace kusurwa ta ƙasar nan can suke zuwa karɓa. Mutumin Gwiwa da zai je Ife tafiyar yini da dare ce a gabansa. Magani kyauta alheri ne babba, amma magani ba gwaji kamar tuƙin dare ne ba fitila.

To, a ganinmu ƙofa uku ce a buɗe. Ta farko, na'urar GeneXpert. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita don gano tarin fuka, yanzu kuma akwai ɗaruruwanta a asibitocin Nijeriya, har da na Jihar Jigawa. PCR ce aka ƙunshe cikin ɗan kwanso, kuma kamfanin da ke ƙera ta yana yin wani kwanson na auna BCR-ABL, mai ba da amsa cikin awa 3 ko ƙasa. Watau irin na'urar da ke duba majinar mai tari tana iya auna ragowar CML, in an sami kwanson, da horo, da izinin masu kula da ita. Ta biyu, ɗakunan PCR da aka buɗe a Kano da Dutse lokacin korona, da ma'aikatan da aka horar a cikinsu. Hannun da ya iya wancan aiki ba zai sha wuyar koyon wannan ba. Ta uku, busasshen jini a kan takarda. A 2016 masu bincike na cibiyar Fred Hutchinson da ke Seattle, a ƙarƙashin Jerald Radich, suka nuna ana iya ɗiga jini a kati, ya bushe, a aika ta gidan waya, a auna BCR-ABL bayan makonni. Bai kai ɗanyen jini zurfi ba, amma ya fi babu nesa, kuma ma'aikatanmu sun riga sun saba da irin wannan kati wajen gwada jariran da aka haifa ga uwaye masu cutar ƙanjamau.

In wani ya ce aika samfur daga ƙauye abu ne mai wuya, sai mu tuna masa da shan-inna. Shekara da shekaru ana ɗaukar bayan-gidan yaran da ƙafarsu ta saki, daga ƙauyuka mafi nisa, a sa a akwatin sanyi a kai ɗakin gwaji na Maiduguri ko na Ibadan cikin 'yan kwanaki, har aka kai ga shelar rabuwar Afirka da ƙwayar shan-inna ta daji a Agustan 2020. Ƙasar da ta iya wannan ba za ta kasa kai kwalbar jini daga Roni zuwa Kano ba. Samfur ya kamata ya yi tafiya, maras lafiya ya zauna kusa da iyalinsa da gonarsa.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

'Yan'uwa ɗalibai, mu ne ake kira in takardar asibiti ta zo gida, a ce, "Ɗan boko, karanta mana." Saboda haka akwai nauyi a wuyanmu. In muka ga yaro ya ɗashe, ana ƙara masa jini yana komawa, zazzaɓi ya ƙi jin maganin cizon sauro, mu matsa a duba jininsa a madubi, a tura shi gaba. Mu hana a saya masa ƙwayoyin nan irin su firednisolon da deksametason a kemis kafin a gano cutar, domin sukan narkar da ƙwayoyin sankara na ɗan lokaci, su ɓata wa ɗakin gwaji sawu, sa'an nan cutar ta komo. Mu adana kowace takarda, musamman ta ranar farko, don da ita ake gwada duk abin da ya biyo baya. In likita ya ce cuta ta lafa, mu tambaye shi cikin ladabi da wace hanya aka duba, kuma yaushe ne gwaji na gaba. Mu kuma fassara wa iyayenmu cewa lafawa dabam, warkewa dabam.

Ga ƙannenmu masu neman shiga jami'a, kowa so yake ya zama likita, amma duk abin da muka bayyana yau a ɗakin gwaji ake yinsa. Ana koyar da kimiyyar gwaje-gwajen asibiti a Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, kuma yankinmu yana bukatar 'ya'yansa a wannan fanni.

Ga yayyenmu ma'aikata kuwa, ku ne ke rubuta takardun da ke zama kasafin kuɗi. In an zo lissafin asibiti, ku tuna cewa na'ura ba ta aiki sai da sinadari, da lantarki ko sola, da mai gyara, da babur ɗin kai samfur. Gini yana da daɗin buɗewa, amma waɗannan ƙananan layuka su ne ke sa takarda ta fito da lamba. Muna kuma roƙon masu tafiyar da shirin taimakekeniyar lafiya na jiha su duba yiwuwar sa gwajin wata uku-uku na masu CML cikin abin da ake biya, domin masu cutar ba su da yawa, kuma kuɗin gwajin bai kai na jinyar wanda cutarsa ta rikiɗe ba.

Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Muna fata kowannenmu zai koma gida da wannan magana, ya isar da ita ga wanda bai sami zuwa ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya mai ɗorewa, ya saka wa masu jinyarsu da alheri, ya sa iliminmu ya amfani ƙasarmu. Malam Shugaba, a nan za mu dakata, muna sauraron tambayoyi da gyara daga malamanmu.